Popi Ta Yi Shiru

Ni na cire mata rigar. Gara in faɗa da bakina tun farko, don na san 'yan ƙungiyarmu ta masu hawan dutse sun gama yawo da maganar a Hobart, kowa da gishirin da ya ƙara. Wasu ma cewa suke yi laifin ɗana Fergus ne. Ba laifinsa ba ne. Shi dai bai iya yi wa uwarsa musu ba, kuma ni na raine shi a haka.

Sunana Glenys. Shekarata sittin da bakwai, arba'in daga ciki na yi su ina taka duwatsun Tasmaniya, da zafi da sanyi. A gidanmu akwai al'adar da marigayi mijina Athol ya kafa: duk ɗan da aka haifa mana, kafin ya cika shekara biyu sai an kai shi tsohuwar bukkar makiyaya da ke saman tudu, a watan Yuli, lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa. A dafa shayi, a rubuta sunansa a littafin bukka, a sauko kafin duhu. Na kai Fergus yana wata bakwai, a cikin rigar ulun da ke jikina, kansa a ƙarƙashin haɓata. Babbar 'yarsa Greta ma haka aka kai ta, a ƙirjin uwarta. Saura ƙaramar, Popi, ita kuwa wata biyu ya rage mata ta cika shekara biyun.

Uwarsu ce ta jawo jinkirin. Nomiki 'yar Darwin ce, jinin Girkawan can, ta girma inda fanka ba ta hutawa. Shekararta takwas a Hobart, amma har yau in iska ta ɗan kaɗa sai ka ga ta dunƙule kamar mai masassara. Bara ta ce Popi na tari. Bana ta ce a bari a ga abin da masu hasashen yanayi za su ce. Na ce mata in su za mu jira, sai dai Popi ta hau da ƙafarta ranar aurenta. Ba ƙin yarinyar nake yi ba, a'a. Tsokanarta dai nake yi, ita kuma ba ta ramawa, sai ta yi ɗan murmushi ta ce, "To, Glenys."

Ranar Asabar, goma saura, muka ajiye mota a bakin tafki. Rana ta fito, ko ganye ba ya motsi. Popi ta yi nauyin da ba za a sa ta a ƙirji ba, don haka Fergus ya aro kujerar goyo wajen wani abokin aikinsa, irin mai ƙarfen nan da ake ratayawa a baya kamar jaka. Sai tallarta yake yi mini: wai an bar tazara tsakanin bayan mutum da yaro don kada gumi ya dame shi, ga kuma rumfar leda da ake rufe yaron ruf saboda ruwa. Na ce kai dai zamani, mu da riga ɗaya muka yi namu goyon, ga ka nan ƙato. Gogan naka kuwa gajeren wando ne a jikinsa kamar kullum, gadon ubansa, gwiwoyi a waje sun yi ja.

Nomiki ta ja Greta banɗaki, ta bar mini Popi a kujerar bayan mota. Da na ɗago ta sai da na yi dariya. Rigar ulu a ciki, suwaita a kai, sannan wata ƙatuwar riga mai haɗe da wando, cike da gashin agwagwa, ga hula, ga safar hannu. Yarinya ta koma matashin kai, ko gwiwar hannu ba ta iya lanƙwasawa. Na sa yatsa a wuyanta na ji ya jiƙe da gumi, don tun daga gari Nomiki ta ƙure abin ɗumama mota.

To mu masu hawa doka ɗaya gare mu da ba a takawa: a fara tafiya da sanyi a jiki. Wanda ya tashi da ɗumi, kafin rabin awa ya jiƙe sharkaf, in ya kai sama iska ta bugi jiƙaƙƙen kaya, shi ke nan sanyi ya same shi a ɓagas. Gumi ke kashe mutum a dutse, ba ƙanƙara ba. Sababbin shiga nawa na yi wa wannan huɗuba, ban san adadi ba, kuma gaskiya ce. Sai na zuge zif, na zare mata babbar rigar, na sa mata 'yar rigar ruwa a kan suwaitar, na cusa waccan can ƙasan jakata.

"Mama," in ji Fergus, "Nomiki fa za ta yi magana."

"Ta yi mana, ai baki nata ne. So kake a dafa maka 'ya kamar dankali?"

Ya sosa ƙeya, ya ɗaure Popi a kujerar, ya ja rumfar ledar ya rufe. Da Nomiki ta dawo, fuskar 'yarta kawai ta gani ta 'yar tagar rumfar, da hularta da komai, tana yi mata dariya. Ba wanda ya ce uffan a cikinmu.

Awar farko a cikin kurmi muka yi ta, a kan katakon da aka shimfiɗa saboda laka. Ni a gaba, Fergus na bi na, Nomiki da Greta a baya. Popi sai surutu take zubawa, duk abin da ta gani kare ne a wurinta, har wani wombat, dabbar dajin nan mai kama da ƙaton gafiya, da ya ƙetare mana hanya yana jan ƙugu. Daga nan muka fita daga itatuwa muka hau fili, inda babu komai sai duwatsu da gajerun ciyayi da sandunan da aka kakkafa don nuna hanya. A nan dusar ta kai idon sawu. A nan ne kuma iskar kudu ta tarye mu, ta jawo gajimare daga inda ban zata ba.

Sai Greta ta fara nata. Shekararta shida, kuma bakina ta ɗauko, ba na musu.

"Ƙafata na ciwo. Hancina ya mutu. Kaka, kin ce kusa ne, ashe ƙarya kika yi."

"Ke, uban wa ya koya miki ce wa babba ya yi ƙarya?"

"Ke."

Ta zame ta faɗi, dusa ta shige mata safar hannu, ta buɗe baki ta dinga kwarara kuka. Mu uku manya duk muka koma kanta. Wannan ya ba ta cakulan, wannan ya ce a ƙirga sanduna, ni kuma ina yi mata barazanar zan bar ta wa wombat ya riƙe. A cikin wannan hayaniyar Popi ma ta yi nata kukan, wani siririn kuka, na kamar minti goma. Fergus ya yi ta jijjiga kafaɗa yana yi mata waƙa har ta yi shiru.

"Kun gani ko?" na ce. "Wannan ita ce jinin Athol. 'Yar ƙarama ta yi barcinta, babbar banza na nan tana raki."

Nomiki ta matso, gashin girarta duk farin ƙanƙara. "Mu ɗan tsaya in duba ta."

"A cikin wannan iskar? Kina buɗe ledar nan ɗumin da ta tara zai fice. Saura rabin awa mu kai."

"Minti ɗaya kawai, Glenys."

Na juya wajen ɗana. "Fergus, kana jin sanyi?"

"Ni? Gumi ma nake yi."

"To kin ji. A jikin murhu take kwance, ki kwantar da hankalinki."

Ta dube ni, ta dubi rumfar. Ta ce, "To, Glenys."

Wallahi har zuciyata na yarda da abin da na faɗa. A kaina, Popi tana inda Fergus yake shekara talatin da takwas da suka wuce, fata da fata, numfashina na sauka a kanta. Ban tuna da tazarar da ya yi ta yi mini talla a bakin tafki ba. Ban tuna cewa mu tafiya muke yi, ita kuwa a zaune take a kan ƙarfe, ƙafafu na reto a iska, ba.

Mun yi kamar minti goma sha biyar bayan nan sai na ji muryar Nomiki daga baya. Ba ihu ta yi ba. Cewa kawai ta yi, "Fergus, tsaya," amma yadda ta faɗa sai da na tsaya cak.

"Ina takalminta?"

Na dawo da baya. Ƙafar Popi ta hagu ta leƙo ta ƙarƙashin ledar, babu takalmi. Safar ta jiƙe ta ƙandare, da ƙanƙara manne a yatsun. Muka waiwaya hanyar da muka biyo, fari fat, babu alamar komai. Ba wanda ya san tun yaushe ya faɗi.

Fergus ya durƙusa, ya sauke kujerar a bayan wani dutse. Nomiki ta yaye rumfar.

Kan yarinyar ya langaɓe gefe. Idanunta a buɗe kaɗan, amma ba kowa suke kallo ba. Leɓɓanta sun yi wani toka-toka. Iska ashe ta ƙasan ledar take shiga tana kwaso dusa, don wandonta ya jiƙe har cinya. Nomiki ta kira sunanta, ta taɓa kumatunta, ta sake kira. Popi ta ɗan motsa baki, ba sauti.

Abin da na fara nema shi ne rawar sanyi. Na sa hannu a ƙirjinta ina roƙon Allah in ji tana karkarwa. Babu. Na san abin da wannan ke nufi. Mai rawar sanyi jikinsa na kokawa. Wanda ya daina, jikin ya fara sallamawa. Sau ɗaya na taɓa gani, shekaru da yawa da suka wuce, wani mutum a ƙungiyarmu ya zauna a kan dutse yana murmushi, yana cewa shi lafiyarsa lau, mu wuce zai biyo mu. Ɗaukarsa muka yi, kuma bai kai mota da rai ba. Shi ƙato ne mai kilo tamanin. Popi kilo goma sha ɗaya ce.

Hannun Nomiki na kan 'yar rigar ruwan. Ta ɗaga ta, ta ga suwaita. Ta ɗaga suwaitar.

"Ina babbar rigarta?"

Fergus ya sunkuyar da kai. Ni na sauke jakata, na zazzage filas da burodi da komai a kan dusa, na jawo rigar daga ƙasa na miƙa mata. A bushe take, har da ɗan ɗumi.

"Gumi take yi a mota," na ce. "Shi ne na..."

Ba ta bari na ƙarasa ba, kuma ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta zuge rigarta ta sama, ta ɗage na ciki duka har fata, a cikin wannan iskar, ita da ko taga ba ta bari a buɗe a gida. Ta ciro Popi daga kujerar ta manna ta a ƙirjinta. Na ga yadda ta ɗauke numfashi da sanyin jikin yarinyar ya taɓa ta. Fergus ya naɗa babbar rigar a bayan Popi da ƙafafunta, ya ja zif ɗin uwar ya rufe su tare.

"Mota ko bukka?" ya tambaye ni. Muryarsa ta koma ta yaro.

"Mota awa ɗaya da rabi. Bukka minti goma sha biyar. Ka danna abin nan."

Ya ciro na'urar kiran agaji daga aljihu, ya ja eriyarta, ya danna. 'Yar fitila ta fara ƙyaftawa. Duk mun san jirgi mai saukar ungulu ba zai taso cikin wannan gajimare ba, sai dai su biyo da ƙafa. Ya bar kujerar goyon nan inda take, ya ɗauki Greta a wuya. Yarinyar ta yi tsit, ba wanda ya ce mata ta yi shiru.

Hanyar nan na bi ta fiye da sau hamsin. Na sha cika baki cewa ko an ɗaure mini ido zan kai bukka. To ranar an ɗaure mini. Gajimare ya sauko ya zauna a ƙasa, sama da ƙasa suka zama abu ɗaya. Na ga sanda, na kai gare ta, na ga ta gaba, na kai. Ta uku, ta huɗu. A ta bakwai na tsaya, na duba gaba, babu komai.

Na duba hagu, na duba dama. Babu.

"Mama?"

"Ku tsaya a nan. Ka riƙe sandar nan, kada ka sake ta. Ka dinga kira na."

Na shiga cikin farin nan ni kaɗai, ina ƙirga taku. Goma, sha biyar, ashirin. Muryar Fergus na zuwa daga baya, can kuma sai in ji kamar daga gefe take. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, har fitsari ya nemi ƙwace mini. Ba mutuwata nake tsoro ba. Kowane taku na banza da na yi, daga jikin yarinyar nan ake cire shi, kuma ni ce na kawo su. Na dawo, na sake yanka wata kusurwar. Na zurma rami har gwiwa, na tashi. Ina ta kiran sunan Athol a raina ina yi masa masifa, wai me ya sa ya mutu ya bar ni da wannan shegiyar al'ada tasa. Sai ƙafata ta yi tuntuɓe da wani abu. Sandar ce, iska ta kayar da ita, dusa ta rufe. Daga inda take na hango ta gaba, baƙa, a tsaye.

"Nan ne. Ku biyo muryata."

Ƙofar bukkar ta daskare, sai da Fergus ya sa kafaɗa sau uku. Ciki duhu, warin tsohon hayaƙi da na ɓera. Akwai gadon katako, da barguna biyu masu toka-toka da suka girmi Fergus, da murhun ƙarfe. Ɗaya saura kwata a agogona.

Nomiki ta zauna a bakin gado, muka cire wa Popi jiƙaƙƙun kaya a hankali. Cikinta da na taɓa, sanyi kamar tulun da ya kwana a waje. Ƙafar hagun fara sol. Nomiki ta tuɓe nata na sama duka ta kwanta da ita a ƙirji, na sa wa yarinyar busasshiyar hulata, na shimfiɗa musu bargo da rigunanmu duka, har da ledar agajin gaggawa mai ƙyalli da ta shekara goma a jakata ban taɓa buɗewa ba.

Fergus ya kamo ƙafar zai fara murzawa.

"Kar ka murza," na ce.

"Mama, ƙanƙara ce fa."

"Na ce kar ka murza. Jinin da ke ƙafar nan mai sanyi ne, in ka koro shi zuciya zai tafi. Ka bar ƙafa, ƙirji muke so ya yi ɗumi. Cire rigarka ka kwanta ta bayanta, ku sa ta a tsakiya."

"To in wuta ta kama mu matsa da ita jikin murhu."

"A'a. A hankali ake yi. Kuma kada ku jijjiga ta."

Nomiki ta ɗago kai daga cikin bargon. Tun da na ba ta rigar sai yanzu ta dube ni.

"Kin tabbata?"

"Wannan kam na sani."

"Ɗazu ma kin sani."

Gaskiya ta faɗa. Na ga tana auna ni, tana tunanin ko ta bi maganar matar da ta jawo mata wannan, ko ta yi abin da zuciyarta ke gaya mata. Ni kaina a lokacin sai na fara shakka. Anya haka aka koya mana? Anya ban juya maganar ba? Da ƙyar na ce, "Nomiki, don Allah."

Ta ce wa mijinta, "Saki ƙafar. Zo ka kwanta."

Na koma wajen murhu. Ashana huɗu na karya kafin ta biyar ta kama. Itacen da ɗan laima, sai hayaƙi. Na yage shafukan baya na littafin bukka na cusa, na durƙusa ina hurawa har idona ya yi ja. Da wuta ta tashi na ɗora ruwa, na zaunar da Greta kusa, na cire mata takalma na sa mata busasshiyar safa, na ba ta shayi mai sukari da yawa. Ta riƙe kofin da hannu biyu ba ta sha ba.

"Kaka," ta ce a hankali, "me ya sa Popi ba ta kuka?"

"Ta gaji ne."

"In ta gaji ai kuka take yi."

Na ce ta sha shayinta.

Sai jira. Ban san akwai abin da ya kai jira azaba ba. Iska na dukan kwanon rufi, na'urar agaji na ƙyaftawa a bakin taga, Nomiki na ta addu'a ƙasa-ƙasa da Girkanci, kalma ɗaya take ta maimaitawa. Can ta ce, ba tare da ta ambaci sunana ba, "A duba agogo, zan ƙirga numfashinta." Na durƙusa a gefen gado na ce ta fara, na ce ta tsaya. Sha huɗu a minti. Na san ya yi kaɗan ga yarinya kamarta, ita ma ta sani. Bayan minti biyar muka sake. Sha huɗu. Muka sake, sha uku. Na ji kamar in fita waje in kwanta a dusar in huta.

Fergus yana kuka ba sauti, fuskarsa a cikin gashin matarsa. Rabon da in ga hawayensa tun ranar jana'izar ubansa. So nake in dafa kafaɗarsa, amma na ga ba ni da wannan hurumin.

Ƙarfe ɗaya da rabi, numfashi sha biyar. Biyu saura kwata, sha bakwai. Na ƙara itace. Masu agaji na can a hanya, sai bayan awa biyu za su buga ƙofa, amma a lokacin ba mu san ko an ma ji kiranmu ba.

"Mama," in ji Fergus, a firgice. "Wani abu na damunta. Jikinta na fizga."

Na zura hannu ƙarƙashin bargo, ban taɓa ta ba, na dai kai kusa. Bargon da kansa rawa yake yi.

"Rawar sanyi ce," na ce. "Ita muke nema. Ku riƙe ta, ku bar ta ta yi."

Ta yi ta karkarwa, haƙoranta 'yan ƙanana na haɗuwa. Sai wani ɗan ƙara kamar na kyanwa. Sai shiru, har na ce shi ke nan. Sannan ta ja numfashi ta saki kuka, na gaske, mai tsaga kunne, irin wanda in ta yi a kanti nake jin kunyar mutane. Jini ya fara komawa ƙafar, kuma wannan da zafi. Greta ta ajiye kofi ta toshe kunnuwa. Nomiki na dariya tana kuka tana sumbatar hular. Ni kuwa na zauna daɓas a ƙasa, na jingina da bango can nesa da gadon, inda ya dace da ni.

Kukan ya ɗan lafa ya koma shessheƙa. Nomiki ta ɗiga mata ruwan sukari mai ɗumi da cokali, ta haɗiye. Sai na ji Popi ta ce wani abu. Ban gane ba da farko. Ta sake faɗa.

"Kaka."

Talata da Alhamis a wurina take wuni, tun tana wata shida. In ta faɗi ko ta ƙone yatsa, ni take nema, ko uwarta na tsaye. Ba ta san komai ba. Ita dai ƙafarta na ciwo.

"Kaka. Kaka."

Ban motsa ba. Fergus ya dubi matarsa. Nomiki tana kallon rufi, hannunta ya ƙara ƙanƙame yarinyar. Na ga ba ta so, kuma ban ga laifinta ba. Ta daɗe a haka, kafin ta ɗaga gefen bargon da yatsa biyu.

"Ki zo," ta ce. "Ke take kira."

"Hannuna da sanyi."

"To ki ɗumama su tukuna."

Na miƙe na je gaban murhu, na ba su baya, na miƙa hannuwana a kan ƙarfen. Na juya su, na sake juyawa. Sun yi ɗumi tuni, har sun fara zafi, amma na kasa juyowa. Popi na ta kira.